Rashin Malama Mai Faranti

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A safiyar Laraba, 12 ga watan Fabrairu, ina tsaye a ɗakin bincikenmu da safar aiki a hannu, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Ban ɗauka ba, domin ke kika hana mu taɓa waya muna cikin aiki. Sai da na rufe farantin da ke gabana, na mayar da shi akwatin ɗumi, na wanke hannu, sannan na duba. Babbar 'yarki ce. Da na kira ta, abin da kawai ta iya cewa shi ne, "Yaya, Mama ta cika." Malama, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, da farar rigata da komai, a wurin da ba ki yarda ko jaka a ajiye.

Waɗanda ba su san ki ba za su karanta wannan, to bari in gaya musu. Ke farfesa ce a fannin nazarin magunguna, ni kuma ɗalibinki ne mai neman digiri na uku, na ƙarshe da kika ɗauka. Aikin da kika ba rayuwarki shi ne renon fatar ɗan Adam a faranti. Idan likitoci suka yi tiyata, akan sami ɗan ragowar fata. Da izinin mai ita sai a kawo mana, mu ware ƙwayoyin halittarta, mu shuka su a ƙananan farantan roba, mu riƙa canza musu wani ruwa ja-ja da suke sha, har su tofo su zama 'yar fata mai faɗin ƙumba. A kanta muke gwada magani, maimakon a aske bayan zomo ko ɓera a ji masa ciwo. Abokan aikinki ne suka laƙaba miki Mai Faranti don zolaya, wai kin bar kimiyya kin koma wanke-wanke. Kika karɓi sunan hannu bibbiyu, har kina amsa shi a gaban baƙi.

Kin tafi a lokacin da makomata take lilo, kuma kin san da haka. Bincikena a kan wani man shafawa ne na gyambon masu ciwon suga, irin ciwon ƙafar nan da ke ƙin warkewa. Kwamitin da ke duba aikin ɗalibai ya zauna ya ce duk fatar da na gwada a kanta ta matasa ce masu lafiya. Maganarsu gaskiya ce, ko da yake a ranar na fito ina huci. Suka ba ni zaɓi: ko in kawo sakamako a kan fatar manya masu ciwon suga kafin zangon karatu ya ƙare, ko in je in yi gwajin a kan zomaye. Idan ban yi ko ɗaya ba, tallafin karatuna ya ƙare, gurbin koyarwar da aka yi mini alkawari kuma a ba wani. Ina da mata da yara biyu. Irin wannan fata kuwa wuyar samu gare ta, domin wanda za a yi wa tiyata yana fama da kansa, danginsa kuma da sun ji an ce za a ɗiba sai su ɗaure fuska.

Na zo ofishinki a fusace na ce a ba ni zomayen kawai in huta. Kika cire tabarau kika dube ni, kika ce, "Sarkin Gaggawa, zauna tukuna." Sunan da kika sa mini ke nan tun makona na farko, ranar da na zuba wa ƙwayoyin halitta ruwa mai sanyi daga firji saboda na kasa jira ya yi ɗumi, suka mutu kaf. Ba ki yi mini faɗa ba a lokacin. Sa ni kika yi na leƙa su a madubin bincike, na ga yadda suka dunƙule suna yawo a saman ruwa, sannan kika ce in sake daga farko.

Mutane da yawa sun ɗauka kin haramta gwaji a kan dabba. Ba ki taɓa yi ba. Kin sha faɗa cewa akwai tambayoyin da har yau faranti bai iya amsawa ba. Ƙa'idarki dai biyu ce. Duk wanda ya nemi dabba, sai ya tsaya gaban kowa ya faɗi abin da za ta gaya masa wanda faranti ba zai gaya masa ba. Sannan shi da kansa zai riƙa ba ta abinci, ya share mata keji, kuma ranar da aiki ya ƙare shi zai ɗauki ranta da hannunsa, ba zai bar wa ma'aikacin gidan dabbobi ba. Na ga samari masu cika baki sun nemi ɓeraye ɗari, bayan sun ji ƙa'idar nan sun dawo suna cewa ashe goma ma za su isa. Ranar da na zo da tawa buƙatar, tuna mini kika yi da abin da ni kaina na sha koya wa ƙananan ɗalibai: ciwon zomo da na ɓera tsukewa yake yi ya rufe, na mutum kuwa sai sabuwar fata ta tofo. Kika ce, "In ka ga sai zomon, ga hanya nan, ba zan hana ka ba. Amma ka fara zuwa ku san juna."

Haka kike da mu a komai. A taronmu na kowace Alhamis, mafi ƙanƙanta a ɗakin shi ke fara magana, ke ce ta ƙarshe, don kada wani ya ji ra'ayinki ya bi. Idan baƙo ya tsare ɗalibi da tambaya, ba ki kawo ɗauki. Sai ki naɗe hannu ki zuba ido, ɗalibi na zufa. Wallahi akwai ranakun da na ji kamar in tashi in fita. Amma a nan muka koyi cewa "ban sani ba" ba tare da jin kunya ba, muka kuma koyi ƙara mata "ga yadda zan bincika". Kin ce mai binciken da bai iya wannan ba, wata rana ƙarya zai yi.

Ba zan manta da shekarar da aka gayyace ki babban taro a wata ƙasa ba. Kika rubuta musu cewa ba ke kika yi aikin ba, wadda ta yi shi ita za ta zo. Ɗalibar nan ce da muke kira Mai Sanyi, wadda ko gaisuwa sai ka matsa kusa kake ji. Ta yi kuka ta ce ba za ta iya ba. Kika riƙa tsayar da ita a ƙarshen baranda, ke kina wancan ƙarshen, tana maimaita jawabinta har sai kin ji kowace kalma. Masu wucewa suna dariya, ke ko a jikinki. Yau ita ke shugabantar nata ɗakin binciken, kuma an ce ɗalibanta daga bakin ƙofa suke jin muryarta. A mujallu kuwa sunan wanda ya yi aiki shi ke gaba, naki a ƙarshe. Da wata ɗalibarki ta haihu tana shirin barin karatu, kika sa aka kawo ɗan gado ofishinki. Wata da watanni manyan farfesoshi suna shigowa da maganar aiki, kina sa su rage murya saboda jariri na barci.

Abin da ba mu lura ba shi ne ke ma ciwon sugan nan ya daɗe yana cin ki. Mun ga kin fara ɗingishi, kika ce takalmi ne. Mun ga kin daina hawa bene, kika ce tsufa ne, mu jira namu. Sai kawai muka ji an kwantar da ke asibiti, gyambo ya ci ƙafar hagu, likitoci sun ce sai an yanke ta daga ƙasan gwiwa. Na je duba ki kafin a yi aikin. Kina kwance a ɗakin mata, cikin tsofaffi masu irin lalurarki, kin ƙi ɗaki na musamman da aka ba ki. Ban gama gaishe ki ba kika ce, "Fata ta samu?" Na ce babu. Kika ce in koma bakin aiki, ba a nan ake renon faranti ba.

Na koma. Shugaban sashe ya kira ni, cikin tausayi, ya ce zomaye na nan an ware mini, in yi abin da zai fisshe ni. Na karɓa, Malama, kuma na bi ƙa'idarki. Kullum da safe nakan je in zuba musu ganye in share keji. Akwai wani fari mai baƙin kunne ɗaya da ya fara gane takuna, da na shigo sai ya miƙe ya dafa wayar kejinsa. Na riƙa ɗage ranar farawa, ni da aka sani da gaggawa.

Ana nan sai saƙo ya fara zuwa daga asibiti. Yau a kawo 'yar kwalba ɗaya cikin ƙanƙara, bayan kwana biyu a kawo wata, kowacce da lamba kawai a jikinta, da bayanin cewa ta babba ce mai ciwon suga. Haka tsarin yake, ba a rubuta suna. Abin da na nema ruwa a jallo ga shi yana zuwa da ƙafarsa. Na ce sa'a ce ta zo, na duƙufa. Da na bugo miki na ba ki labari, muryarki a raunane, kika ce, "To madalla. Kada dai ka zuba musu ruwan sanyi." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. A lokacin an riga an yi aikin, an ce kin fara samun sauƙi, sai jiki ya rikice.

Bayan an kai ki makwanci, na je gida yi wa Baba gaisuwa, maigidanki da duk muka mayar uba. Da mutane suka ragu ya kira ni gefe, kusa da kantar littattafanki. Ya ce, "Ɗana, ka san Malamarku ta mayar da ɗakin nan na asibiti aji?" Ya ce kina kwance kina yi wa matan da ke gadajen kusa bayanin faranti, da yadda ɗan abin da za a zubar zai iya hana a yanke ƙafar wata nan gaba. Suka yi ta tambaya, wasu suka ƙi, ba ki matsa musu ba. Kin kuma hana nas ta nemi izinin kowa a gabanki, don kada wata ta amince saboda kunyarki. Sannan ya ce, "Ita ta fara bayarwa. Ƙafar mun binne ta, abin da aka ɗiba bai kai tafin jariri ba. Ta ce kada a gaya maka sai ka gama, wai hannunka zai yi rawa."

Na yi kuka a gaban Baba kamar ƙaramin yaro. Washegari na nufi asibiti na sami nas ɗin, na roƙe ta ta gaya mini wace lamba ce taki. Ta ce, "Malam, ka fi ni sanin doka. Ita ma ta ce za ka zo, kuma ta ce kada in faɗa." Na yi fushi, na kuma san gaskiyarta.

To ga inda muke, Malama, tun da kin saba a ba ki rahoto ba tare da ado ba. Fatar ta tofo, duk da ta fi ta matasa jinkiri. Man yana taimaka mata ta rufe ciwo, amma idan aka yawaita shi yana kashe sababbin ƙwayoyin, abin da ban taɓa gani a fatar masu lafiya ba. Zan rubuta shi yadda yake. Wata mai zuwa zan tsaya gaban kwamiti da abin da suka nema. Ban san hukuncin da za su yanke ba, amma ba a aske bayan zomo ko ɗaya ba, sai ƙiba suke yi suna cinye ganyen sashe. Kowace safiya ina buɗe akwatin ɗumi in fito da farantan, in jira ruwa ya yi ɗumi, in canza musu ɗaya bayan ɗaya. Na san ɗaya daga cikinsu naki ne, ban san wanne ba. Saboda haka kowanne na ɗauka, da hannu biyu nake ɗaukarsa.

Ya Allah, Ka jiƙan Malama, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka haskaka kabarinta, Ka sa ilimin da ta bari ya riƙa isa gare ta da lada, Ka saka mata da Aljanna Firdausi. Ka ba matan da suka kwanta tare da ita lafiya, waɗanda suka bayar da waɗanda ba su bayar ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da 'ya'yanta, da jikokinta, da 'yan'uwanta, da ɗalibanta na kusa da na nesa. Allah Ya ba mu haƙurin wannan babban rashi, Ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Amin.