Tambaya ta Biyar da Anti Asabe Ta Bari

Anti Asabe ta yi shekara ashirin da biyu tana buga takardu a wata ma'aikata a Abuja. A Bagama take haya, kullum kafin gari ya waye tana layin mota. Da aka zo rage ma'aikata, aka ce duk mai buga takardu da bai kawo takardar shaidar kwamfuta ba kafin Disamba, ya san inda dare ya yi masa. Abin da ya kawo ta ajinmu na koyon kwamfuta na Asabar da Lahadi ke nan a Suleja, tana da shekara arba'in da bakwai, mu kuwa sa'o'in 'ya'yanta.

Darasin rubuta manhaja shi ne dodonmu. Malam Gwadabe ba ya sassauta tambaya, amma yana da tsari. Zai duba makin wanda ya fi kowa, ya cike shi zuwa saba'in, abin da ya ƙara masa sai ya ƙara wa kowa. Wato in na gaba ya yi ƙasa, mu 'yan baya mun tsira.

Na gaba kuwa biyu ne, Femi da Anti Asabe. Wallahi matar nan ta iya! A ofis take gwada komai lokacin da wasu ke cin abinci.

Ni Faruk, ni na kawo shawarar, ba zan ɓoye ba. Muka same su ana jibi jarrabawa, muka roƙe su su bar tambaya ta biyar, wadda kullum ita ce mai maki talatin. Femi ya ce ba damuwa. Anti ta dube mu.

"In na bari, duk za ku wuce?"

"Har da ke, Anti," na ce. "Malam zai cike."

"To, na bari."

Ta bari kuwa. Ina bayanta, na ga ta karanta tambayar, ta ajiye biro, ta naɗe hannu har aka karɓi takarda. Femi kuwa, ashe tsoro ya kama shi, ya amsa ta tsaf. Ya ci sittin da takwas. Maki biyu kacal aka ƙara mana. Na daɗe ina zaginsa, amma shi dai jarrabawarsa ya rubuta. Ni ne na je na roƙi uwa ta ajiye abincin 'ya'yanta.

Ran da aka manna sakamako, daga Abuja ta taho kai tsaye, da jakar ofis a kafaɗa. Makin wucewa arba'in ne. Ta tambaye ni nawa na ci, na ce arba'in da ɗaya.

"Kai, na gode wa Allah," ta ce, har da dafa ni. "Ɗana, rubutun ya yi mini ƙanana. Karanta mini nawa."

Na sa yatsa a layinta. Talatin da tara. Tana tsaye tana murmushi, tana jira in buɗe baki.