Ranar da Baffa Ya Kai Teku Ƙofar Dagaci

Ko zan manta da komai na 'yammatancina, ban da ranar da Baffana ya naɗe teku ya sa a aljihu, ya kai ta ƙofar dagaci.

Lokacin ina kwalejin horon malamai mata a Kano. Wata malamarmu da za ta koma ƙasarsu ta ba ni kwafin tsohuwar taswirar matuƙa jiragen ruwa. Ta ce da can da irinta ake neman hanya a teku, daga baya attajirai suka mai da ita adon bango, sannan ta faɗo hannun 'yan makaranta. Layuka ne birjik kamar saƙar gizo-gizo, ga wani ƙaton kifi yana feshin ruwa. Da hutu na tafi da ita gida Gafasa. Nakan shimfiɗa ta a tabarma ina yawon duniya da yatsa, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Wudil ba.

A shekarar, Baffa na rikicin iyaka da maƙwabcin gonarsa a kan wata bishiyar ɗorawa. Ya ji an ce a birni mai takardar fili shi ke cin shari'a. Ban san ya ɗauki taswirar ba, sai aike na ji: dagaci na kira.

Na tarar an baje ta a ƙasa, dattawa sun kewaye ta. Baffa na nuni da sanda: "Ga iyaka nan, layi ba ɗaya ba, ba biyu ba. Bature ya auna!" Maƙwabcin sai sharce gumi yake.

Dagaci ya ce, "Malama, ke kika yi boko. Karanta mana."

Baffa ya ƙifta mini ido. "Uwata, gaya musu."

Na sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, teku ce."

"Ina ɗorawar?"

"Babu ita. Duk ruwa ne."

"Wannan kifin fa?"

Baffa ya yi caraf: "Na kududdufin ƙarshen gonata ne, ranka ya daɗe."

Nan maƙwabcin ya farfaɗo. "Kai Malam, ji tsoron Allah! Tarwaɗar taka ce ta kai raƙumi?"

Dagaci ya shafa gemu, kafaɗunsa na rawa don dariya. "To, takardarka ruwa ta ba ka. Riƙe kududdufinka da kifinsa. Ɗorawa tasa ce, dama dattawa sun shaida."

Wata guda Baffa bai amsa gaisuwata ba. Abokan wasansa kuwa Sarkin Ruwa suka riƙa kiransa har ya bar duniya, Allah Ya jiƙansa. Ni dai tun ranar na riƙe abu ɗaya: kada ka kai mai shaidar da ba ka jin harshensa gaban shari'a, don in ya buɗe baki ba ruwansa da wanda ya kawo shi.