Hajiya Mardiya Ta Leƙa Gidan Tsofaffi

Hajiya Mardiya ta zo Alƙahira tana amarya. Mijinta direba ne a ofishin jakadancin Najeriya, da ya rasu fanshonsa ya dawo hannunta. Ba shi da yawa, amma duk wata yana zuwa.

A 2013 gwiwoyinta suka fara gaza hawa benen da take haya a unguwar Ainu Shams. Ɗanta Badamasi ya bugo waya daga Kaduna.

"Inna, ki dawo gida haka nan. Na gyara miki ɗaki."

"Allah ya yi albarka. Wa na sani a can ban da kai? Likitana ma a nan yake. Bari dai in duba."

Mace ce mai son ganin ƙwaƙwaf. Ta ji maƙwabta na zancen wani gidan kula da tsofaffi, sai ta hau jirgin ƙasa na metro ta je ta gani da idonta. Ta danna katifa, ta buɗe tukunyar kicin, ta tambayi ma'aikaciya ko ana barin mutum ya tuƙa tuwonsa.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajja, mu ke yin girki," in ji ma'aikaciyar.

Ta zauna kusa da wata tsohuwa Bamisiriya, ta tambaye ta wa ya kawo ta. Matar ta ce ita ta kawo kanta, don ta gaji da hayaniyar jikoki. Abin ya ba Hajiya mamaki, har suka ci abincin rana tare. Wurin ya burge ta, kuma fanshon zai iya ɗauka, amma ba ta ji mai Hausa ko ɗaya ba.

Daga can ta biya wajen ƙawarta Mahasin, Bahaushiyar Sudan mai sayar da shayi a unguwar Ard al-Liwa. Mahasin ba ta da fansho, haya na neman fin ƙarfinta, sai dai ƙafafunta garau suke. Hajiya ta ba ta labari tas, sannan ta ce, "Ke fa, wa zai riƙe ki?"

"Allah, ƙawata."

"To mu nemi gida a ƙasa, ba bene ba, mu zauna tare. Haya tawa, kasuwa da rakiyar asibiti naki."

"Khalas, shi ke nan, na yarda."

Badamasi ya yi fushi na ɗan lokaci. Da ya zo ganinta bayan sallah, ya tarar da ita da Mahasin a sabon gidansu suna gardama kan yawan barkono a miyar kuɓewa, ya zauna ya ci, ya nemi ƙari.