Takardar Baba Nagode

Alhamis: Gusau zuwa Tsafe

Ina idar da sallar asuba na bar gidana a Sabon Gari, ƙarfe shida saura kwata, da takarda guda a cikin jaka. A tasha muka zauna jiran gari ya waye sosai, don yanzu babu direban da ke shiga hanyar Tsafe da duhu. Sai bakwai da rabi muka tashi, mu shida a ƙaramar mota.

Takardar ta Baba Nagode ce, wani tsoho a Nahuce. Mahaifinsa bawa ne a gidan kakana, shi kuma ya tashi yana noma gefen gonarmu. Shekara uku da suka wuce ya riƙe hannuna ya ce yana son gidanmu su faɗa da baki, su kuma rubuta, gaban shaidu, cewa shi ɗa ne, ba bawa ba. A bakinsa, ɗiyauci yake cewa, wato 'yanci. Dariya na yi, na ce ai doka ta kashe bauta tun kafin a haife shi. Ya ce doka ba ta san shi ba, gidanmu ya sani. Ranar Litinin ɗansa Lawali ya kira ni ya ce jikin tsoho ya yi tsanani, kuma maganar takardar yake ta yi. Na ce sai Alhamis, ina da aji.

Abin kunyar, ni malamin tarihi ne, kuma a makon nan darasina kan mutanen da suka kafa Amurka ne da yadda suka yi da bauta. Har tsaki na yi musu a gaban ɗalibai.

Shingen sojoji uku muka wuce. Daga na biyu kowa a motar ido a daji. Direba ne kawai ya nuna wata kwana da haɓa, ya ce a nan aka kwashe mutane kwanan baya, har yanzu ana cinikin kansu ta waya. Tafiyar kusan kilomita hamsin ta ci mana awa ɗaya da rabi.

Tsafe

Baffana Alhaji Shehu shi ne babban gidanmu, sa hannunsa ake buƙata. Na same shi a zaure. Aka kawo kunu da ƙosai, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan na fito da takardar. Ya karanta, ya ninke, ya tura ƙarƙashin buzunsa. Bai ce a'a ba. Baffa bai taɓa cewa a'a ba a rayuwarsa, sai dai ka gaji ka tafi.

Da na matsa, ya ce tuni ya yi niyyar ya sa abin a wasiyyarsa. In ya sa hannu yanzu, gari zai ɗauka muna riƙe da bayi, kuma 'ya'yan Nagode za su fara maganar gona.

Sai na ba shi labarin Turawa uku daga cikin waɗanda suka kafa Amurka. Na ce ɗaya ya rubuta cewa daidai aka halicci mutane, amma ya mutu da bayi cike da gandunsa. Na biyu zuciyarsa ta juya da ya manyanta, sai dai ya bar 'yancin bayinsa a wasiyya. Na uku ya riƙe bayi yana saurayi, da ya tsufa ya shiga gaban masu neman a hana bautar. Baffa ya saurara yana jan carbi.

"To ai na tsakiyan nan shi ad da hankali," in ji shi.

Na ce, "Baffa, shi wancan ya riga bayinsa mutuwa. Nagode zai riga ka."

Ya tashi ya shiga ciki. Na zauna a zauren nan har azahar, har la'asar, raina a ɓace. Ƙarfe biyar da minti goma ya fito da biro ya sa hannu, ya kira limamin unguwa da wani maƙwabci suka shaida. Lokacin motocin Gusau sun daina tashi. Na nemi Lawali a waya, ba ta shiga ba. Dole na kwana, na ci tuwon dawa da miyar kuka ba don ina jin daɗinsa ba.

Juma'a: Tsafe, Bungudu, Nahuce

Motar farko na shiga, bakwai daidai. Tara saura muna Gusau. Ban biya gida ba, na canja mota zuwa Bungudu, kilomita ashirin ko kusa da haka. Daga nan ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni a babur, naira ɗari biyar. Da na ce gidan Nagode, ya waiwayo ya dube ni, ya ce, "Gaisuwa za ka?"

Tabarmi ne shimfiɗe a ƙofar gida. Jiya bayan azahar tsohon ya cika, aka kai shi da la'asar, lokacin ina zauren Baffa ina jira. Na durƙusa na yi ta'aziyya. Lawali, magidanci mai furfura a gemu, ya ja ni gefe. Ya ce tun ranar Talata tsohon yake tambaya ko ɗan Gusau ya iso, ranar Laraba da hantsi ne ya daina magana. Babu zargi a muryarsa, kuma wannan ya fi min ciwo.

Na ciro takardar na miƙa masa. Ya karanta har ƙasa, ya duba sa hannun Baffa, ya ninke ta yadda take, ya maido min.

"Malam, shi ka jiran ta," ya ce. "Mu ba mu taɓa jira ba. Mun san ɗiya muke. Ka tahi da abinka."

Na roƙi a nuna min kabarin. Na tsaya a kan ƙasar da ba ta bushe ba, na yi niyyar in karanta masa takardar, sai na ga wautar hakan. Addu'a na yi masa, na yi kuka, na juyo. Tare da Lawali muka yi Juma'a, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

Komawa gida

Uku da rabi na bar Nahuce, biyar saura kwata ina Sabon Gari. Na buɗe jaka, sai ga takardar kwance cikin rubutun darasina. Ranar Litinin zan ƙarasa shi, kuma ban san da wace fuska zan sake yi wa mutanen nan tsaki ba. Su sun yi jinkiri don tsoron rasa gandu. Ni babu abin da zan rasa sai kwana ɗaya na aji.

Allah ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya a hanyar da wasu ba su dawo ba. Direbobi da Lawali ma sun cancanci godiya. Na zo rubuta "na gode", sai na ga kalmar sunan tsohon ce, sunan da aka raɗa masa don ya yi ta faɗa mana ita har ya mutu. Allah ya jiƙan Baba Nagode.