Ranar da Baba Ya Sake Ganin Jinjirin Wata

Ko zan manta komai a duniya, ban da yammacin da mahaifina ya sake ganin watan azumi da idonsa.

Muna yara a Kazaure, shi ne gwanin ganin wata a unguwarmu. Yakan hau dutsen bayan gidanmu, ya miƙa yatsa yamma, mu ɗauki ihu. A lokacin har duwatsun wajen Roni ana hangowa. Sannu a hankali gari ya cika. Mahauta suka koma babbaka da tsofaffin tayoyi, kowa na ƙona bola da leda bayan la'asar, ga masu sharar gona. Yamma ta zama toka-toka. Shekara da shekaru Baba bai ga wata ba, ya ce idonsa ne ya mutu, ya daina hawan dutsen. Abin ya yi mini ciwo matuƙa, domin mai zura zare a allura ba makaho ba ne.

Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri ba. Da azumi ya ƙarato a tsakiyar rani, na durƙusa gaban mai unguwa, na roƙi a dakatar da ƙone-ƙone ranar duban wata da jajibirinta. Sarkin fawa yana wurin, ya tuntsire da dariya.

"Malam, yanzu hayaƙi ma sai da izininka? Kawunan awakin da yawu za mu babbake su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da kara iyayenku suka yi. Zan kawo karan, ku gama da safe."

Na kai musu amalanke guda. Mai unguwa ya sa aka yi shela a masallatai.

Baban ne ma ya fi ba ni wuya. Ya ce, "Kai, kada ka kunyata ni gaban jikokina." Da ƙyar na lallaɓa shi muka hau. Rana ta faɗi, sama ta yi garau, duwatsun nan suka fito. Matasa suna ta laluben sama, sai Baba ya damƙi hannuna.

"Ga shi can, saman kukar nan! Allahu Akbar!"

Shi ya riga kowa. Hawaye ya jiƙa masa gemu, ni ma na kasa riƙe nawa. Sarkin fawa, wanda ya biyo mu don ya yi mini dariya, ya fi kowa ɗaga murya da kabbara.

Ranar na koyi cewa kafin mu ɗora wa tsufa laifi, mu fara duba wutar da muka hura da hannunmu.