Mun Kai Hoton Auren Mama Shaida Kakuri

Gonin Gora

Tun kafin zakara ya yi cara Mama ta buga mini ƙofa, ta riga ta sauko da hoton aurenta daga bango ta naɗe shi da zane. A coci aka sanar cewa za a mai da tsohon lambun shaƙatawa na Kakuri tashar mota, kuma ofishin tsara gari ya ce in lambun yana da tarihi a kawo shaida ranar duba wurin. Mama kuwa a gefen maɗacin lambun aka ɗauke ta hoto da marigayi Babanmu.

Direban bas ya dubi girman firam ɗin ya ce, "Mama, wannan ai fasinja ne."

Ta ce, "Biyu ne ma, ɗana, amma a cinyata za su zauna."

Shinge

Lokacin mulkin soja ne, sai aka tsayar da mu kafin mu shiga gari. Wani soja ya ce a kwance ƙunshin. Ya daɗe yana kallon amaryar, ya ce, "Madam, na you be this?" Mama ta gyara ɗankwali ta ce ita ce, kuma bai ga komai ba tunda hoton ba mai kala ba ne. Da dariya ya ɗaga mana sandar shingen.

Kakuri

Hantsi ya yi muka isa. Na zaci mu kaɗai ne masu wannan wauta, ashe ma'aikatan masaƙa da matansu sun cika lambun, Tibi da Birom da Hausawa, kowa rungume da hoton aurensa. Na saya mana ƙosai da koko muka karya a tsaye.

Da Malamin ofishin ya zo, aka yi masa caa, kowa yana cewa hotonsa ne ya fi tsufa. Sai Mama ta ɗaga murya: "Ku dubi itacen da ke cikin hotunan! Mai ƙaramin maɗaci ya zo gaba." Haka muka jeru, maɗacin yana girma daga hoto zuwa hoto. A na Mama ko kafaɗar Baba bai kai ba, don haka ita ce ta farko. Yau mutum biyu ba sa iya rungumarsa.

Malamin ya bi layin har ƙarshe yana duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya shimfiɗa taswirarsa a kan mota, ya zagaye lambun da koren alƙalami, ya ce tasha sai ta nemi wani fili. Guɗa ta kaure, ni kuwa kuka na yi.

Gida

Da la'asar muka sauka lafiya, mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Mama ta mayar da hoton bango, ta goge gilashin da bakin zanenta, ta ce, "Baban yara, an bar mana inuwarmu."