Alif a Kofin Shayi

A shekarata ta farko a jami'a muka ɗauki darasin kimiyyar daskararrun abubuwa da polima. Malamin wani dattijon Babarbare ne mai sanyin murya. Ranar farko ya shigo da jaka, ya gaishe mu da Barbarci, "Wushe," sannan ya zazzage ta a tebur: gishiri, kanwa, ƙaro, leda, har da tsinkakken silifas.

"Ƙwayoyin gishiri a jere suke kamar sahun salla," in ji shi. "Leda kuwa dogayen sarƙoƙi ce a cukurkuɗe, shi ya sa take miƙewa. Ƙaron nan ma polima ne, sai dai bishiya ce ta yi shi."

A ɗakin gwaji aka haɗa ni da wata 'yar kudancin Borno, babanta malamin firamare ne a Maisandari. In tana wanke kwalabe sai ka ji tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ba ta ma san tana yi ba.

Aikin da aka ba mu shi ne mu narka alif, irin wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, a ruwan zafi har ya ƙoshi, mu rataya 'yar ƙwayarsa da zare a ciki, mu bar ta ta girma. Amma lokacin bazara ne. Zafin Maiduguri ya riƙa ƙafar da ruwan da sauri, sai farin ɓawo kawai muke samu. Malam ya ce kowa ya kai nasa gida, ya nemi wuri mai sanyi.

Na kai nawa gidanmu da ke Bolori a kofin shayi, na ajiye a gindin randar Inna. Washegari da na dawo daga makaranta na tarar da kofin a wanke, a kife.

"Inna, ina ruwan da ke cikin nan?"

"Ba alif ba ne? Na ɗanɗana na ji. Ruwan da ɗan garuwa ya kawo duk laka, sai na juye a randa. Allah ya yi miki albarka, ya kwanta tas."

Na zauna na yi ta kuka. Da na gaya wa ƙawata, ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da yamma sai ga ta a napep, ta ƙunso wata ƙwaya daga cikin nata a hankici. Ta durƙusa ta gaishe da Inna.

"Mama, wannan kuma jarrabawa ce, ba na randa ba ne."

Muka sake narka alif a kofin, muka rataya ƙwayar a ciki. Tun daga ranar Inna ta zama mai gadi. Ta rufe kofin da faifai, ta hana kowa shara a wajen, ko Baba ya zo shan ruwa sai ta ce ya taka a hankali. Kullum da safe sai ta ɗaga faifan ta kira ni: "Zo ki gani, ya ƙara ƙiba."

Ya girma kamar ƙwallon dabino, garau, da fuskoki takwas sumul. Malam ya ɗaga shi wajen taga ya daɗe yana jujjuyawa.

"Wa ya kula miki da shi?"

"Innata ce, Malam."

"To, ki gaishe ta. Tana da haƙuri."

Muka fito, ni da ƙawata, muka sayi zoɓo mai ƙanƙara muka sha a gindin darbejiya har muka makara shiga aji na gaba. Yanzu tana koyarwa a garinsu. Duk Salla sai ta kira ni, ni ma duk Kirsimeti, kuma har yau ita ke fara kashe waya, wai na cika surutu.